Yadda na sa Windows ta ga firintar da ke jikin Ubuntu

A shagonmu na buga takardu da ke Taminus a Jos, firinta tana haɗe da kwamfutar Ubuntu (wani tsarin tafiyar da kwamfuta ne kamar Windows), amma kwamfutoci masu Windows sun kasa ganinta. Na buɗe localhost:631 a burauza, wato shafin CUPS, manhajar da ke kula da firinta a Ubuntu, na kunna raba firinta. A Windows kuma na ƙara ta da hannu, na rubuta adireshin IP na Ubuntu ɗin, wato lambar da ake gane kwamfutar da ita a netwok, sai :631/printers/ da sunan firintar.

Ta yi aiki, amma duk sanda aka ɗauke wuta sai ta ɓace. Ashe rauta ce, na'urar da ke haɗa kwamfutocin, ke sauya wa kwamfutar Ubuntu ɗin adireshi, sai na ɗaure mata guda ɗaya dindindin.

Don raba fayiloli da Windows kuwa, manhajar Samba na sa a Ubuntu ɗin. Lallai a buɗe wa mai amfani asusun Samba da umarnin smbpasswd -a, in ba haka ba kalmar sirri ba za ta shiga ba.