Kurakuran da masu folish ke yi kafin su shafa man kariya

Na gaji da ganin abu guda a hannun masu koyon aikin folish ɗin mota. Yaro zai kwashe awa biyar yana folish, mota ta fito tana ƙyalli, nan take ya ɗauko man kariya, wato silant, ya hau shafawa. A tsakanin folish da silant akwai aikin da bai fi na minti 30 ba, wato cire maiƙon folish daga jikin fenti, kuma shi ne ake tsallakewa.

Kowane man folish yana ɗauke da maiƙo, domin injin ya riƙa sulɓi a jikin fenti. Wasu ma har da sinadarin da ke cike ƙananan ƙarce-ƙarce ya ɓoye su. Ko ka goge da tawul, maiƙon yana nan kwance, ido ba ya ganinsa. Shi kuwa silant fenti yake so ya kama. In ya tarar da maiƙo a tsakani, a kai zai zauna, wanki biyu ko uku su tafi tare.

Wannan kuskuren ya taɓa ja mini asarar da har yau nake jin zafinta. Wani bawan Allah ya kawo mini baƙar mota, na yi kwana biyu a kanta, na shafa silant ban cire maiƙo ba saboda ina sauri magariba ta kawo jiki. Ranar da ya karɓa har hoto ya ɗauka. Bayan mako uku ya dawo, ya ajiye ta a rana, ya ce in duba bonet. Duk zagaye-zagayen ƙarcen da na ɗauka na cire suna nan, ashe man ne ya rufe su. Na sake aikin kyauta da kayana, kuma tun daga ranar bai ƙara kawo mini mota ba, haka abokansa biyu da ya yi alkawarin turowa. Baƙin fenti ba ya rufa wa kowa asiri.

Abin da nake yi yanzu shi ne in sayi sifirit mai suna isopropyl na kashi 70 a kemis, in zuba awo ɗaya a kwalbar feshi, in ƙara awo uku na tataccen ruwa. Haɗin yakan tsaya wajen kashi 17 cikin ɗari, ya ishe ni. A tawul nake fesawa, in shafa wa ƙofa ɗaya ko rabin bonet, in bi da busasshen tawul na biyu kafin ya bushe. In ka bar shi ya bushe da kansa, maiƙon da ya narke komawa yake yi inda ya fito. Akwai na kanti irin su CarPro Eraser, suna da kyau, tsada ce ta sa na fi riƙe haɗina. Daga nan sai in haska tocila a karkace. Ƙarcen da ya bayyana, a koma masa da inji tun kafin a rufe shi.

To, ku kuma masu cewa in dai maiƙo ne fetur ko tina, wato ruwan sirka fenti, sun fi saurin cire shi, don Allah ku bari! Tina tana narka fenti, musamman motar da mai fenti ya taɓa yi wa gyara. Fatar sama ta fenti, wadda ake kira kiliya, kaurinta bai kai na takardar rubutu ba, kuma ka riga ka zaftare wani abu daga ciki da folish. Na ga yaro ya zuba tina a ƙyalle ya goga wa bamba, wurin ya dushe ya yi fari, sai da aka sake fesa ta gaba ɗaya. Kuɗin mai gidansa ne ya tafi. Shi ma sifirit ɗin, in ba a sirka shi ba, yana tausasa fenti mai laushi ya bar shati.

Motar da aka yi wa sabon fenti kuwa, kada ka rufe ta da silant sai ta yi aƙalla wata guda, ni har biyu nake jira, domin sinadarin cikin fentin bai gama fita ba. Tambayi mai motar, kada ka yi hasashe.

Sauran ƙanana ne. Tawul ɗin da ka goge folish da shi ajiye shi, ɗauko sabo, kuma kada a wanke tawul da ruwan sa tufafi laushi. Garin folish da ya maƙale a bakin ƙofa, gefen tambari da robar gilashi, a fitar da shi da burushi mai laushi tun da farko. Kada ka dafa fentin da hannu bayan ka goge, hannu ma yana da maiƙo. Ruwan burtsatse yana barin farin tabo in ya bushe a jiki.

Aiki a rana kuma na haramta wa yarana shi, ƙarfe mai zafi yana busar da komai kafin tawul ya iso. In hunturu ya shigo, ƙura takan sauka a bonet cikin 'yan mintoci, saboda haka nakan yayyafa ruwa a ƙasan rumfa, in goge ɓangare ɗaya in shafa masa silant kafin in matsa gaba. Bayan an gama, motar ba ta ganin ruwa sai ta kwana, ko abin da aka rubuta a jikin robar silant ɗin in ya fi haka.