Yadda ake zaɓen katakon da za a ɗaura wa kushin a cikin jirgin ruwa

Mai jirgin inji a gulbin Rima ko a dam ɗin Goronyo, idan ya kawo wa mai kushin aiki, hankalinsa na kan launin leda da laushin soso. Allon da ke ƙarƙashi ba wanda ke tambaya, alhali shi ke fara lalacewa. Soso ya sha ruwa ya riƙe, leda ta hana shi bushewa, katako ya yi ta zama cikin laima har ya ruɓe ta baya, fuskar kuwa tana nan fes.

Da farko ka cire MDF (allon da ake haɗawa da zaren katako da gam) da allon da ake matsawa da garin katako daga lissafi. Na kabad ɗin ɗaki ne. Ruwa na taɓa bakinsu za su kumbura, kuma ba sa komawa yadda suke.

Abin da za ka nema shi ne filawud na ruwa, wato allon da ake yi da siraran fallayen katako da aka manne zubi-zubi da gam mai jure ruwa. A nan ake yawan ruɗewa, don in ka ce wa ɗan katako a Sakkwato "marin bod", zai iya jawo maka baƙin allon nan mai santsi da magina ke zuba kankare da shi. Wancan fuskarsa ba ta karɓar gam ko fenti sosai, kuma sau da yawa cikinsa ramuka ne. Filawud na ruwa na ainihi ana yin sa ne bisa ƙa'idar Birtaniya mai lamba BS 1088, galibi da itacen okume na ƙasar Gabon, wanda ba shi da nauyi. Amma hatimin wannan lamba kowa na iya bugawa a jikin allo, saboda haka kada ka tsaya a kansa.

Juya allon ka dubi bakinsa da kyau, nan ne asirinsa yake. Ƙirga zubin: a allo mai kaurin milimita 6, zubi 5 ya fi 3 ƙarfi. Su kasance kusan kauri ɗaya, babu inda wani ya hau kan wani, babu ramin da tsinken ashana zai shiga. Layin gam da ke tsakaninsu in ya yi duhu, ja-ja zuwa baƙi, alama ce ta gam mai jure ruwa. In har yanzu zuciyarka ba ta kwanta ba, ce wa mai shagon, "Alhaji, a yanko min ɗan guntu." Ka jefa a tukunya ya tafasa na wasu awoyi, ka shanya a rana ya bushe ƙarau, ka sake tafasawa. Sannan ka sa bakin wuƙa tsakanin zubin. In ya ɓare kamar albasa, bar musu kayansu. Ni a ganina wannan gwajin ya fi duk rantsuwar mai shago.

Sai kauri. Allon gefe da ba ya ɗaukar nauyi, milimita 6 ta isa. Inda jikin jirgin ya lanƙwasa, mai milimita 4 ya fi sauƙin lanƙwasuwa. Wurin zama da majingina kuwa kada ka sauka ƙasa da 12. Kauri fiye da buƙata nauyi ne kawai, inji ya ƙara shan mai.

Sandunan da za a kafa allon a kansu, a samu maɗaci ko iroko busasshe. Obece na da sauƙin aiki da araha, amma ƙwari da laima ba sa raga masa. Kuma a kula da ɗanyen katako: wanda aka sauke daga kudu da damina, da hunturu ya busa zai tsuke ya karkace, ya ja ledar ta yi tamoji.

Kafin soso ya hau, a gama duk yanka da huji. A goge kaifin baki da sanfefa don kada ya yanke leda. A allon wurin zama a huda 'yan ramuka, iska ta riƙa fita idan an zauna, ruwa ma ya samu hanya. Daga nan a shafe allon gaba da baya da gam ɗin efoksi (gam mai ruwa biyu da ake haɗawa, wanda in ya bushe yake tare ruwa), a maimaita sau biyu ko uku a bakin, musamman na ƙasa da cikin ramukan, don ta nan katako ke zuƙar ruwa. In babu efoksi, fentin mai ya fi babu.

Ƙusoshin sitefula da sukurori su zama na ƙarfen da ba ya tsatsa, kuma ƙafar ƙusar kada ta kai kaurin allon, in ba haka ba za ta ɓullo ta soki soso. Wajen kafawa a bar tazarar kamar yatsa ɗaya tsakanin ƙasan allon da daɓen jirgin, yadda ruwan da ya taru ba zai taɓa shi ba.