Yadda ake gwajin karce don ganin ƙwayoyin nono suna rarrafe

In kana so ka gani da idonka yadda enzayim, wato furotin da ke hanzarta aiki a cikin jiki, ke juya ƙwayar halitta, gwajin karce ya fi komai sauƙi da arha. Ka samu ƙwayoyin MCF-10A, na nono ne amma ba na kansa ba, daga Mishigan ta Amurka aka fara samo su. Ka shuka su a faranti mai rijiya 6, ka sa a inkubeta mai zafin digiri 37 da iskar CO2 kashi 5, ka bar su har su rufe ƙasan farantin kaf kamar daɓe.

Kafin ka yi karce, juya farantin ka ja layi da alƙalamin maka a bayansa don ka gane wurin da za ka riƙa ɗaukar hoto. Wallahi karon farko ban ja ba, washegari na rasa inda na ɗauki hoton jiya, aikin kwana 3 ya tafi a banza. Sai ka ɗauki bakin fifet (tsinken robar da ake zuƙar ruwa da shi) mai ruwan ɗorawa ka ja shi a miƙe a kan ƙwayoyin sau ɗaya, hannu ɗaya, kar ka danna har ka kwarzane robar. Wanke da PBS (ruwan gishirin wanke ƙwayoyi), zuba sabon ruwan abincin ƙwayoyin, ɗauki hoto da maikiroskop nan take, sannan bayan awa 6, 12 da 24. Manhajar ImageJ kyauta ce, da ita za ka auna faɗin ramin da karcen ya bari.

Ga inda mutane ke cin tuwo da ƙasa: rami zai iya cikewa don ƙwayoyin suna haihuwa, ba don suna tafiya ba. Saboda haka ka rage ruwan jinin da ke cikin abincin ko ka sa mitomycin C, maganin da ke hana su haihuwa, tukuna.

Ni dai bakin ramin nake kallo fiye da faɗinsa, can ne labarin yake. Enzayim uku ne ke raba aikin tafiyar: Rac, Cdc42 da Rho. Ƙwayar da ke gaba za ka ga ta baje goshi kamar faifai, aikin Rac ke nan. Ƙananan yatsun da take miƙawa tana laluben hanya na Cdc42 ne. Shi kuwa Rho a baya yake, yana tada wani enzayim mai suna ROCK, shi kuma ya sa furotin mayosin ya ja zaren aktin da ke cikin ƙwayar, sai gindin ƙwayar ya tsuke ya biyo gaba. Anne Ridley da Alan Hall ne suka nuna rabon aikin Rho da Rac a 1992.

Yanzu sai ka taɓa su ka gani. A rijiya ɗaya zuba Y-27632, maikiromola 10, wanda ke toshe ROCK. Zaren aktin masu kauri za su ɓace, ƙwayoyin su riƙa jan doguwar jela saboda gaba ya tafi baya ya kasa sakin ƙasa, abin ma har dariya yake ba ni. A wata rijiyar ka ba su TGF-beta, wani furotin mai kai saƙo ga ƙwayoyi, na wasu kwanaki kafin karcen, sai E-cadherin da ke manne su da juna ya ragu, vimentin, furotin da ake gani a ƙwayoyi masu yawo, ya ƙaru, su sake hannun juna su zama dogaye sirara, kowacce ta kama gabanta maimakon tafiya a jere kamar ayari. Irin wannan sauyin ake bincika wajen gano yadda kansar nono ke bazuwa.

Kar ka manta ka bar rijiya ɗaya da ruwan da ka narka maganin kawai, DMSO ne ko wani, don kwatantawa, kuma ka maimaita gwajin a ranaku 3 daban kafin ka kai wa malaminka hoto.