Yadda ɗalibin sakandare zai shirya zama da masu masauki a ƙasar waje

Fara shiri da kusan shekara guda kafin tafiya, domin ƙungiyoyin musayar ɗalibai irin su AFS da Rotary suna rufe karɓar takardu tun da sauran watanni. Shekarunka ma abin dubawa ne. Rotary tana ɗaukar 'yan shekara 15 zuwa 19, ita kuwa bizar J-1 ta Amurka ta ɗaliban sakandare ta tsaya ne a 15 zuwa 18 da rabi, kuma ba a neman ta sai ƙungiyar da ta ɗauke ka ta aiko da fom ɗin DS-2019, wato takardar shaidar cewa ka cancanci shiga shirin. A ƙasashen Schengen na Turai, wato waɗanda ake shiga da biza ɗaya, bizar ziyara kwana 90 kawai take bayarwa cikin 180, don haka mai zaman shekarar karatu bizar dogon zama ta ƙasar da zai je yake buƙata. Fasfo ya zama yana da saura aƙalla wata shida bayan ranar dawowa.

Katin rigakafi shi ne ya fi makarar da mutane. Makarantu da yawa ba sa barin ɗalibi ya shiga aji sai katinsa ya cika, wasu allurai kuma ba a gama su a rana ɗaya: ta ciwon hanta nau'in B sau uku ake yi cikin wata shida. Kafin ka tafi kuma, makarantarka ta rubuta maka ko za ta lissafa wannan shekarar ko sai ka maimaita aji. Alkawarin baki ba ya amfani idan an canza shugaban makaranta.

A takardar gabatar da kai da ake aika wa iyalai, faɗi gaskiya tsantsa: abincin da ba ka ci, lokutan ibadarka, ciwon da kake fama da shi, ko za ka iya kwana gida ɗaya da kare ko kyanwa. Wasu suna ɓoye waɗannan don a zaɓe su da wuri, sai abin ya fito a makon farko, iyalin su ji an yaudare su.

Kaya ba su da wahala. Yawancin jirage kilo 23 suke yarda a babban akwati, ruwa-ruwa a jakar hannu kada ya wuce mililita 100 kowace kwalba, batirin ajiyar caji kuma jakar hannu yake shiga. Magani ya tafi cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita. Duba jikin cajarka: idan an rubuta 100–240V za ta yi aiki ko'ina da adafta kawai, amma na'urar da aka yi don wutar 120 ta Amurka ƙonewa za ta yi a wutar 230 ta Turai.

Inda tafiya take gyaruwa ko ta lalace shi ne cikin gidan, kuma tun daren farko. Zauna da masu gidan da takarda a hannu ka yi tambayoyi, matambayi ba ya ɓata. Da wane suna suke so ka kira su? Minti nawa ake yi a wanka, ruwan zafi yana ƙarewa? Wa ke wanki, wace rana? Za ka iya buɗe firji ka ɗauki abu ba tare da izini ba? Ƙarfe nawa ake dawowa gida, wa za ka kira idan ka makara? Wane aikin gida ne naka? Tambayi har ma'anar rufe ƙofar ɗaki, don a wasu gidaje yaro ya rufe ƙofa alama ce ta fushi. Waɗannan ƙananan abubuwa su ne ke taruwa. Iyalin suna jin nauyin yi maka gyara, kai kana zaton lafiya lau, har ranar da za su kira ƙungiya su ce ba za su iya ba. A shirye-shirye da yawa, ciki har da na J-1, ba a biyan masu masauki ko sisi. Ɗa suka ɗauka, suna sa ran ya kwashe kwano, ya yi godiya da baki, ya fito falo a yi hira da shi ko da harshen bai gama zama ba.

Kewar gida takan taso bayan ɗokin makonnin farko ya lafa, ta ƙara tsananta lokacin bukukuwa. Yawan kiran gida ƙara ta yake yi. Ku tsayar da rana ɗaya a mako da iyayenka, sauran yammacin ka cika su da wasanni ko wata ƙungiyar makaranta, domin can ake samun abokai fiye da cikin aji. Yawan barci da ciwon kai a watan farko sau da yawa gajiyar sauraron baƙon harshe ce.

Kowane ɗalibi yana da kodineta a yankinsa, wato wakilin ƙungiya da ke kula da shi. A Amurka doka ta wajabta wa kodinetan tuntuɓarka kowane wata, ta wajabta binciken tarihin laifi na duk baligin da ke gidan, kuma dole ka sami gadonka na kanka. Kai masa ƙaramar matsala tun tana ƙarama. Sauya gida abu ne da ake yi ba tare da an ɗora wa kowa laifi ba. Amma idan wani ya taɓa jikinka yadda bai dace ba, ko ya riƙe fasfonka, ko ana hana ka abinci, ko aka ce ka ɓoye wani abu kada ƙungiya ta sani, kira lambar gaggawa ta shirin a ranar, kada kunya ta sa ka jira. Haddace lambar, kada ka dogara da waya.

Tuƙa mota, giya da ƙwaya suna sa a mayar da ɗalibi gida a mafi yawan shirye-shirye, Rotary ta ƙara da soyayya mai zurfi. Makonni kafin ka dawo, nemi sakamakon karatunka da hatimin makaranta da sa hannu, domin ofisoshi sukan yi shiru da zarar an shiga dogon hutu.