Yadda Ake Shiga Sana'ar Sarrafa Bidiyo da Yadda Ake Yanke Kuɗin Aiki

Duk wanda ya yi niyyar neman abinci da sarrafa bidiyo, ya kamata ya fara da sanin cewa sana'ar tana da rassa, kuma kowane reshe da irin ƙwarewar da yake nema da irin ladan da ake samu a cikinsa. Akwai mai tacewa, wanda ke karɓar abin da aka ɗauko da kyamara ya yanke, ya jera, ya fitar da labari mai kan gado. Akwai mai gyaran launi, da mai daidaita sauti, da mai ƙirƙirar rubutu da zane masu motsi. Sannan akwai injiniyan da ke gina manhajar da take matse bidiyo ta isar da shi ga wayoyin miliyoyin mutane ba tare da yana tsayawa ba. Shawarata ga sabon shiga ita ce ya fara da tacewa, domin ita ce ƙofar da aka fi samun aiki ta cikinta, daga baya kuma ya zaɓi reshe guda ya zurfafa a kansa, saboda a nan ne kuɗin aiki yake tashi.

Game da manhaja, kada ka ɓata watanni kana gwada wannan kana barin waccan. DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design yana da samfurin kyauta wanda ya isa a yi cikakken aiki da shi, kuma shi ne ya yi fice wajen gyaran launi. Premiere Pro na Adobe ana biyan kuɗinsa ne lokaci-lokaci, Final Cut Pro yana aiki a na'urorin Apple kawai, Avid Media Composer kuwa shi ne ya daɗe da kafuwa a manyan fina-finai da gidajen talabijin. Ka ɗauki ɗaya ka zauna a kansa har hannunka ya saba da maɓallan gajeriyar hanya, domin idan ka fahimci aikin a ɗaya, komawa wani ba zai ɗauke ka dogon lokaci ba.

Abin da ke raba ƙwararre da ɗan koyo shi ne fahimtar abin da ke cikin fayil ɗin kansa, kuma a nan nake so mai karatu ya natsu. Bidiyo jerin hotuna ne da ake kira firam, waɗanda ake haskawa 24 ko 25 ko 30 a daƙiƙa guda. Firam ɗaya mai faɗin 1920 da tsayin 1080 yana ɗauke da ɗigo sama da miliyan 2, kuma idan kowane ɗigo ya ci bayit 3, to minti ɗaya mai firam 25 a daƙiƙa zai haura gigabayit 9 matuƙar ba a matse shi ba. Wannan ne dalilin samuwar kodek, wato tsarin da ke rage nauyin bidiyo ta hanyar zubar da abin da ido ba zai lura da rashinsa ba, da kuma adana bambancin da ke tsakanin firam da firam maimakon adana kowane hoto cikakke. Cikin kodek ɗin da aka fi sani, H.264 ya fito a 2003 kuma har yanzu kusan kowace na'ura tana buɗe shi, H.265 ya biyo baya a 2013, AV1 kuma ya fito a 2018. Ka kuma riƙe cewa MP4 akwati ne kawai da ake zuba bidiyo da sauti a ciki, kodek ɗin da ke cikinsa daban, shi ya sa fayil biyu masu ƙarewa da MP4 ɗaya zai buɗe ɗaya ya ƙi.

Amfanin wannan ilimi yana bayyana ne ranar da matsala ta taso. Za a kawo maka hira da aka ɗauka da waya, ka saka ta a manhaja, a farko baki da murya suna tafiya tare, amma kafin a kai minti na ashirin sai ka ga leɓe yana motsi murya tana biyo baya. Wanda bai san dalili ba zai kwana yana yanka sauti yana turawa gaba da baya. Wanda ya sani zai gane cewa wayoyi da yawa suna ɗaukar bidiyo da adadin firam mai sauyawa, sai ya bi da fayil ɗin ta manhajar sauya sigar bidiyo irin HandBrake ko FFmpeg ya mayar da shi mai tsayayyen adadi, matsalar ta kau cikin mintuna. Haka nan idan kwamfutarka tana shan wahala da bidiyon 4K, wato mai ɗigo da yawa da nauyi sosai, ba lallai sai ka sayi sabuwa ba: ka yi ƙananan kwafi marasa nauyi ka yi tacewar da su, sannan manhajar ta koma kan na asali lokacin fitarwa.

Ka ba sauti muhimmanci daidai da hoto, domin mai kallo yana iya haƙuri da hoto mai ɗan duhu amma da wuya ya jure muryar da ba ya ji sosai. Ka kuma koyi tsari wajen ajiya: kowane aiki da jakarsa, kowane fayil da suna mai kwanan wata da lambar gyara, kuma abin da aka ɗauko ya kasance yana da kwafi uku, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Faifan ajiya yana lalacewa ba tare da gargaɗi ba, kuma taron da aka ɗauka sau ɗaya ba ya maimaituwa.

Masu ba da aiki sun fi duba abin da ka yi fiye da takardar shaidarka. Ka haɗa gajeren bidiyo na minti ɗaya zuwa biyu wanda ke nuna mafi kyawun ayyukanka, ka sa mafi ƙarfi a daƙiƙun farko, kuma ka daidaita shi da irin aikin da kake nema, saboda mai neman wanda zai tace masa hirarraki ba ya buƙatar ganin tallace-tallace.

Biyan kuɗi yana zuwa ta hanyoyi da dama: albashin wata ga ma'aikacin kamfani ko gidan talabijin, kuɗin yini, jinga a kan aiki guda, ko kuma yarjejeniyar wata-wata da mai fitar da bidiyo a kai a kai. Albashi yana da kwanciyar hankali, aikin kai kuma yana iya fin sa kawo kuɗi, sai dai kai ne za ka ɗauki nauyin kwamfuta da manhaja da haraji da kwanakin da babu aiki. Kuskuren da na fi gani, wanda ni ma na taɓa faɗawa cikinsa, shi ne yanke farashi bisa tsawon bidiyon da za a fitar. Na taɓa amincewa da aikin bidiyo na minti goma ba tare da na tambayi yawan abin da aka ɗauko ba, sai aka miƙo mini awa shida na ɗauka, wanda kallonsa kaɗai ya cinye mini yini guda kafin in yanke ko da daƙiƙa ɗaya. Saboda haka kafin ka faɗi farashi, ka tambayi awa nawa aka ɗauka, da kyamara nawa, ko akwai rubutun ƙasan allo, da kuma siga nawa ake so, domin bidiyon kwance na YouTube mai 16:9 da na tsaye mai 9:16 aiki biyu ne. Daga nan ka ƙiyasta awannin da za ka ɓata, ka ninka da abin da kake so awarka ta kawo, ka ƙara kaso don kayan aiki. Idan ta dandali irin Fiverr aikin ya zo, ka tuna cewa Fiverr yana cire kashi 20 cikin ɗari na abin da aka biya ka.

Ka rubuta yarjejeniya ko da a saƙo ne, ta ƙunshi ranar miƙa aiki, da adadin gyaran da ke cikin farashin (sau biyu ya wadatar a yawancin ayyuka), da kuɗin duk wani gyara da ya wuce haka. Ka karɓi kafin alƙalami kafin ka fara, kuma ka aika samfurin dubawa mai tambari a jikinsa, cikakken fayil kuwa sai an kammala biya.

Yanzu manhajoji masu ƙirƙirarriyar basira suna rubuta kalaman ƙasan allo da cire wuraren shiru da kansu, don haka aikin yanke-yanke zalla yana ƙara araha. Wanda ke da sha'awar lissafi da rubuta manhaja zai iya karkata zuwa injiniyanci: ya koyi harsunan rubuta manhaja irin Python da C++, ya ƙware a FFmpeg, wanda Fabrice Bellard ya fara a 2000, ya kuma fahimci tsare-tsaren HLS da DASH waɗanda ke yanka bidiyo gunduwa-gunduwa a matakan inganci daban-daban, ta yadda na'urar mai kallo za ta zaɓi wanda ƙarfin intanet ɗinsa zai iya ɗauka. Kamfanonin yaɗa bidiyo suna biyan irin waɗannan ma'aikata a ma'aunin injiniyoyin manhaja, wanda galibi ya fi na mai tacewa, kuma matakin farko shi ne ka ɗauki fayil guda ka matse shi da kodek biyu ta FFmpeg, ka kwatanta nauyinsu da kyawun hotonsu da idonka.