Yadda Ake Koyon Turanci Daga Bidiyon Al'adu Da Adabi

Matasanmu da yawa a Katsina da Daura sun gama sakandare suna iya karanta takardar Turanci, amma da zarar Bature ya buɗe baki sai magana ta wuce su. Kunne ne bai saba ba, kuma wayar da ke aljihunka ta isa ta horar da shi.

Fara da abin da ka riga ka sani. Wannan matakin na fi riƙewa da ƙarfi, don a nan ne mutane ke ɓata hanya: su ɗauko fim ɗin Amurka mai awa biyu, ga baƙon harshe ga baƙuwar rayuwa, kafin minti goma sun gaji. Kai dai shiga YouTube ka rubuta Bayajidda, ko Kusugu, ko Gobarau, ko kuma Durbar (wato hawan sallah) tare da sunan Katsina, ka zaɓi bidiyon da ake bayani da Turanci. Wanda ya tashi yana jin labarin macijiyar da ta hana mutanen Daura ɗiban ruwa sai ranar Juma'a ba ya buƙatar tafinta. Ya san abin da zai biyo baya, saboda haka hankalinsa kacokan zai koma kan yadda aka faɗe shi. Haka ma hawan sallah: ka san dogarai, ka san 'yan lifidi, ka san jahi da kakaki. Idonka na ganin abin, kunnenka na ɗaukar yadda ake kwatanta shi.

Kada bidiyon ya wuce minti biyar. Sauke shi lokacin garaɓasar data ta dare, ka rage ingancin hoton zuwa 240 ko 360, tunda sauti ka fi buƙata.

Sai kallo, kuma sau uku za a yi shi. Na farko babu rubutu a ƙasa, ka saurara kawai, ko rabi ka gane ya wadatar. Na biyu ka danna alamar CC don rubutun Turanci ya fito, in mai maganar yana sauri ka mayar da gudun bidiyon 0.75. Ka yi hattara da rubutun da na'ura ke yi da kanta, domin tana yawan dagula sunayenmu na Hausa, wani lokaci har da Turancin 'yan Najeriya. Kuma ina roƙonka kada ka juya rubutun zuwa Hausa, in ka yi haka karatu kake yi, kunne ya tafi hutu. A kallo na uku, tsayar da bidiyon bayan kowace jimla ka maimaita ta da ƙarfi, kana kwaikwayon inda ya ɗaga murya da inda ya sauke.

Ka tanadi ɗan littafi. Jimla sukutum za ka riƙa rubutawa, kamar guda biyar daga kowane bidiyo, don kalmar da aka cire daga mazauninta saurin gudu take daga ƙwaƙwalwa. Idan ka ji yadda aka ce an gina wani gini a ƙarni kaza, cire sunan ginin ka sa Hasumiyar Gobarau ko Ƙofar Soro. Jimlar ta zama taka.

Bayan 'yan makonni sai ka fara leƙa waje, a hankali. Nemi bidiyon Ladi Kwali, mai ginin tukwanen nan da hotonta ke bayan naira ashirin. Nemi bayanin kayan tagullar Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. Akwai jerin shirye-shiryen tarihin Afirka da Zeinab Badawi ta gabatar a BBC, Turancinta a fili yake. A ɓangaren adabi, hirarrakin Chinua Achebe sun dace da mai koyo domin a natse yake magana. Wole Soyinka, wanda ya karɓi lambar Nobel a 1986, Turancinsa na da nauyi, ajiye shi sai gaba. Wasannin Shakespeare kuwa tsohon harshe ne da ba a hira da shi yau.

Abin da ya rage shi ne buɗe baki. Je ka tsohon ginin Kwalejin Katsina da aka kafa a 1921, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, wanda yanzu gidan tarihi ne. In a Daura kake, rijiyar Kusugu na kusa. Ɗauki kanka minti ɗaya kana bayanin wurin da Turanci, ka tura wa aboki ta WhatsApp, shi ma ya turo nasa. Wajen sauraron muryarka, kula da p da f, waɗanda ke yawan haɗe mana. Koma bidiyon ka kalli bakin mai magana: wajen p leɓɓa biyu ke rufewa su buɗe, wajen f haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa. Haka bambancin yake tsakanin b da v. Tsaya gaban madubi ka gwada, sannan ka sake ɗaukar minti ɗayan.