Yadda na gyara kakkarwar tarakta da sanyin asuba

Tun shigowar hunturu, taraktarmu Massey Ferguson 375 a Kumo take ba ni wahala. Da asuba injin sai kakkarwa da tari, ga farin hayaƙi mai warin ɗanyen gas. Rana na ɗagawa kuwa lafiya lau. Nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin injin, na fara zargi, ashe ba nan ba ne.

Da na kwance gindin filta, ga ruwa kwance ƙarƙashin mai. Na zubar, na sa sabuwa. Sai na lura ɗan tiyon mai ya tsage, yana shan iska cikin dare. Na canza shi. Don fitar da iskar da ta shiga hanyar mai, na sassauta ƙusar saman filta, na yi ta danna famfon hannu har kumfa ta ƙare, na ɗaure. Kwana 9 ke nan bugu ɗaya take tashi.